Cutar Toshewar Hanyoyin Numfashi Bayan Shekara 40: Tambayoyi da Amsoshi

Idan aka tara mutum goma da suka haura shekara 40 aka auna huhunsu, a matsakaicin lissafi za a samu ɗaya yana ɗauke da cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da COPD. Galibi kuma shi mai ɗauke da ita bai sani ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan yawanta, da waɗanda ta fi kamawa, da dalilin da ya sa ba a cika jin sunanta ba.

Wace irin cuta ce wannan?

Cuta ce da ke hana iska fita daga huhu yadda ya kamata. Shigar iska ba ita ce babbar matsalar ba, fitarta ce. Abubuwa biyu ne ke faruwa, kuma yawanci tare suke zuwa. Na farko, ƙananan bututun da iska ke bi suna kumbura, bangonsu ya yi kauri, majina ta taru a ciki. Na biyu, 'yan jakunkunan iska da ke can ƙarshen bututun, waɗanda yawansu ya kai ɗaruruwan miliyoyi a huhun babban mutum, bangonsu yana yagewa su haɗe su zama manyan ramuka. Lafiyayyen huhu yana buɗewa ya koma da kansa. Wanda ya lalace kuwa kamar robar wando ce da ta saki: ta buɗe, amma ba ta da ƙarfin komawa. Sai tsohuwar iska ta maƙale a ciki, sabuwa ta rasa wurin shiga.

Alamominta uku ne manya: haki idan an motsa jiki, tari mai daɗewa, da yawan kaki. Wasu kuma numfashinsu yana fito, ko su riƙa jin ƙirji ya ɗaure. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

To, mutum nawa ne ke da ita a duniya?

Wani babban nazari da aka wallafa a 2022, wanda ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa a 2019 kashi 10.3 cikin 100 na masu shekara 30 zuwa 79 suna da cutar. Wato mutum miliyan 392 ke nan ko kusa da haka. Kimanin huɗu cikin biyar na waɗannan suna zaune ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki.

Kafin wannan, binciken da ake kira BOLD, wanda sakamakonsa na farko ya fito a 2007, ya auna huhun mutum fiye da 9,000 masu shekara 40 zuwa sama a wurare 12 na duniya. Ya samu cewa kashi 10.1 cikin 100 suna da cutar a matakin da ya wuce na farko, wato matakin da ta riga ta fara taɓa rayuwar mutum. A maza kashi 11.8 ne, a mata 8.5.

Ƙasar Sin ta yi nata ƙidayar tsakanin 2012 da 2015, inda aka auna mutum fiye da dubu 50. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna kashi 13.7 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da ita, kuma jimillar masu cutar a ƙasar ta kusa miliyan 100. A tsakanin masu shekara 20 zuwa 39 kuwa kashi 2.1 ne kacal. Wannan tazara ita kaɗai ta isa ta nuna wa mai karatu shekarun da cutar ke jira.

Na ga wani wuri an ce miliyan 212 ne. Wanne ne gaskiya?

Duka biyun ƙiyasi ne na masana, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Adadin miliyan 212 ya fito ne daga shirin da ke lissafin nauyin cututtuka a duniya, na shekarar 2019, wanda ke bin wata hanyar lissafi dabam. Yana da kyau a tsaya a nan a fahimci abin da ke raba alƙaluman, don wanda ya gane wannan ba zai ƙara ruɗewa da su ba.

Abu na farko shi ne yadda aka gano mai cutar. Idan tambayar mutane aka yi, aka ce musu "likita ya taɓa gaya maka kana da wannan cuta?", adadin zai yi ƙasa sosai. A Amurka, alal misali, wannan hanya tana ba da kusan kashi 6 cikin 100 na manya, wato mutum kimanin miliyan 16. Idan kuwa na'ura aka sa kowa ya busa, adadin yana tashi, domin na'ura tana kamo waɗanda ba su taɓa zuwa asibiti a kan numfashinsu ba.

Abu na biyu shi ne inda aka ja layi tsakanin mai lafiya da mara lafiya. A gwajin, ana auna iskar da mutum ya iya fesowa a daƙiƙa ta farko, a kwatanta ta da dukan iskar da ya iya fitarwa. Ƙa'idar da kwamitin masana na duniya mai suna GOLD ya shimfiɗa ita ce, idan wannan rabo ya gaza kashi 70 cikin 100, to akwai toshewa. Ƙa'ida ce mai sauƙin riƙewa, amma tana da lam'a. Huhu yana saki da tsufa ko da mutum lafiyarsa ƙalau, saboda haka dattijo mai shekara 78 zai iya faɗawa ƙasa da kashi 70 ba tare da cuta ba, yayin da mai shekara 42 da huhunsa ya fara lalacewa zai iya tsallake layin a ce masa lafiya lau. Don haka wasu masana suka fi son a kwatanta kowa da sa'o'insa a shekaru da tsayi da jinsi, a ɗauki waɗanda suka faɗa cikin kashi 5 na ƙasa. Da aka bi wannan hanya ta biyu a nazarin 2022 ɗin nan, adadin ya sauko zuwa kashi 7.6 cikin 100, wato miliyan 292.

Abu na uku: an ba mutum maganin buɗe hanyar numfashi kafin ya busa, ko ba a ba shi ba? Idan ba a ba shi ba, masu asma da yawa za su shiga lissafin alhali ba su ne ake nema ba.

Wani bincike na Amurka ya nuna girman wannan bambanci ƙarara. A cikin masu shekara 40 zuwa 79 da aka auna tsakanin 2007 da 2010, adadin ya kai kashi 20.9 cikin 100 idan aka bi layin kashi 70 ba tare da magani ba, ya kuma sauko zuwa 10.2 idan aka ba da magani aka kwatanta kowa da sa'o'insa. Mutanen dai su ne, huhun ma shi ne, amma adadi ya ninka saboda ma'auni. Shi ya sa duk wanda ya kawo maka alƙaluma a kan wannan cuta, ka fara tambayarsa da wane ma'auni aka auna, kuma daga shekara nawa aka fara ƙirga.

Yawanta ɗaya ne a ko'ina?

A'a, bambancin ma mai yawa ne. A binciken BOLD na 2007, birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ne ya fi kowa, da kashi 22.2 a maza da 16.7 a mata, wuri ne da shan taba da tarin fuka da aikin ƙura suka haɗu. Hanover ta Jamus kuwa kashi 8.6 ne a maza, 3.7 a mata. A Latin Amurka, binciken PLATINO da aka wallafa a 2005 ya auna masu shekara 40 zuwa sama a manyan birane biyar, ya samu kashi 7.8 a birnin Meziko, da 19.7 a Montevideo ta Yurugwai. A karkarar Masindi ta Yuganda, binciken da ya fito a 2015 ya samu kashi 16.2 a cikin waɗanda suka haura shekara 30, mata da maza kusan daidai, kuma da yawa daga cikinsu ba su ma kai 40 ba. A can hayaƙin girki ne ya fi jan hankalin masu binciken.

Me ya sa kullum ake cewa "daga shekara 40"?

Saboda ɓarnar tana ɗaukar shekaru kafin ta fito fili. Huhu yana gama girma ne tsakanin shekara 20 da 25. Daga nan ya ɗan tsaya, sannan ya fara raguwa kaɗan-kaɗan, ga kowa da kowa. Allah ya yi huhu da rara mai yawa, har mutum zai iya rasa wani babban kaso na ƙarfinsa bai ji komai ba, musamman idan aikinsa na zama ne. Wanda ya fara shan taba yana ɗan shekara 18, sai ya kai 45 ko 50 kafin rarar nan ta ƙare. A binciken BOLD an ga cewa duk ƙarin shekara goma a kan mutum yana kusan ninka yiwuwar a same shi da cutar.

An daɗe ana ganin hanya ɗaya ce ke kai mutum ga wannan cuta, wato huhu ya riƙa raguwa da sauri fiye da ƙima. Wannan fahimta ta samo asali ne daga aikin Fletcher da Peto a kan ma'aikata maza a Landan, wanda aka wallafa a 1977. Amma a 2015 wani nazari da ya bi mutane na tsawon shekaru ya nuna cewa kusan rabin waɗanda suka kamu, huhunsu bai ragu da sauri ba. Tun farko ne bai kai girman da ya kamata ba, sai raguwar da kowa ke yi ta kai su ƙasan layi. Abubuwan da ke daƙile girman huhu sun haɗa da haihuwar bakwaini, ƙarancin nauyi a haihuwa, shan tabar uwa tana da ciki, yawan ciwon ƙirji a yarinta, da tasowa cikin hayaƙi. Wato cutar da ake gani a dattijo, wani lokacin tun yana goye aka aza harsashinta.

A lardin Ontario na Kanada an lissafa a 2011 cewa fiye da mutum ɗaya cikin huɗu zai ji likita ya ce masa yana da wannan cuta kafin ya cika shekara 80.

Duk mai shan taba ne zai kamu?

Ba duka ba, amma sun fi yadda ake faɗa. Akwai wata tsohuwar magana da ta zagaya cewa kashi 15 cikin 100 ne kawai na masu shan taba ke kamuwa, kuma masu sha suna son wannan adadi don yana kwantar musu da hankali. Binciken da aka yi a Kofanhagan, wanda ya bi mutane shekara 25, ya samu cewa aƙalla ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka ci gaba da sha sun kamu da cutar a matakin da take damun su. A arewacin Suwidin kuma an ga cewa a cikin masu sha da suka tsufa, kusan rabi suna da ita. Wanda bai kamu ba ma ba wai ya tsira ba ne, don taba tana da wasu ƙofofin: ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, sankarar huhu.

Shisha da lofe da tabar wiwi duk hayaƙi ne da ke shiga huhu. Ruwan da ke cikin tulun shisha yana sanyaya hayaƙin, ba ya tace gubarsa.

Ban taɓa shan taba ba. Ke nan ba ruwana da ita?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cutar da mutane, har da wasu ma'aikatan lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki taba ce ke jawo fiye da kashi 70 cikin 100 na cutar, amma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki kashi 30 zuwa 40 ne kawai. Sauran fa?

Babban abu shi ne hayaƙin cikin gida. Fiye da mutum biliyan 2 a duniya suna girki da itace, gawayi, kara, kashin dabbobi, kwal ko kananzir, sau da yawa a ɗakin da hayaƙi ba shi da mafita. Mai yin wannan girki shekara talatin ta shaƙi abin da ba ta taɓa lissafawa ba.

Sai wurin aiki. Ƙurar ma'adinai, fasa dutse, siminti, auduga, hatsi, hayaƙin walda da tururin sinadarai, an ƙiyasta suna da hannu a kusan kashi 15 cikin 100 na cutar. Sai gurɓatacciyar iskar birane, da zama kullum kusa da mai shan taba. Sai tarin fuka: mutum zai iya shan maganinsa ya warke sarai, ƙwayar cutar ta mutu, amma tabon da ta bari ya ƙuntata hanyoyin iska har ƙarshen rayuwa. Asma da aka daɗe ba a kula da ita ba, ita ma tana iya kaiwa ga toshewar da ba ta buɗewa. Masu ɗauke da HIV su ma haɗarinsu ya fi na sauran mutane.

Akwai kuma ta gado, ko da yake ba ta da yawa. Wasu ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari mai kare huhu da hanta ke sarrafawa, alfa-1 antitiripsin, matsalar da aka gano a Suwidin a 1963. Irin waɗannan sukan kamu tun suna shekara talatin da wani abu ko arba'in, musamman idan suka haɗa da taba.

Maza ta fi kamawa ko mata?

A yawancin bincike maza sun fi yawa, saboda su suka fi shan taba da aikin ƙura. Tazarar dai tana rufewa. A Amurka, tun shekarar 2000 matan da cutar ke kashewa suka zarce maza. Inda mata ke wuni a bakin murhu kuwa, adadinsu yana kamo na maza, kamar yadda aka gani a Masindi. Matsalar mata ita ce ba a cika zarginta a jikinsu ba, sai a ce asma ce ko ƙiba ko damuwa.

Idan tana da yawa haka, me ya sa ba a cika jin labarinta ba?

Saboda mafi yawan masu ita ba a taɓa gaya musu sunanta ba. Wani nazari na 2015 da ya haɗa wurare 44 a ƙasashe 27 ya gano cewa kimanin kashi 81 cikin 100 na waɗanda na'ura ta nuna suna da cutar ba su san suna da ita ba. Ko a wurin da abin ya fi dama-dama, Lexington ta Amurka, rabi ba su sani ba. A Ile-Ife ta Nijeriya kuwa waɗanda ba su sani ba sun haura kashi 98.

Dalilan suna da yawa, amma a ganina wanda ya fi ƙarfi shi ne yadda mutum ke sasantawa da cutar ba tare da ya lura ba. Ya fara haki a kan matakala, sai ya rage hawa bene. Tafiyar da yake yi a ƙafa ta koma ta abin hawa. Kayan da yake ɗauka da kansa ya fara sa yara. In an tambaye shi ya ce girma ne ya zo. Mai shan taba kuma ya ɗauki tarin safe a matsayin abin da ya saba, wani ma kunya ce ke hana shi zuwa asibiti don ya san abin da za a ce masa. Haka za a yi ta tafiya har ranar da mura ta sauka a ƙirji, numfashi ya sarƙe, a kwashe shi zuwa asibiti cikin dare. Mutane da yawa a ranar ce suke fara jin sunan cutar, bayan huhu ya riga ya yi asara mai yawa.

Daga ɓangaren asibiti kuma, na'urar gwajin ba ta samuwa a ƙananan cibiyoyi da yawa, inda take kuma ba kullum ake da wanda ya iya aiki da ita ba. Sai a yi ta ba mutum maganin tari da na kashe ƙwayoyin cuta, ya tafi ya dawo.

Ta yaya za a bambanta ta da tsufa, ko asma, ko tarin fuka?

Tsufa yana rage ƙarfi, amma ba ya sa mutum ya tsaya shan iska bayan 'yar tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ma'auni mai kyau shi ne sa'o'inka: idan kana tafiya da tsararka kullum kai ake jira, akwai abin dubawa.

Asma yawanci tun yarinta take farawa, tana zuwa tana tafiya, ta fi tashi da dare ko asuba, kuma tsakanin tashi da tashi mutum yakan koma daidai. COPD kuwa kullum tana nan, kuma a hankali take ƙaruwa. Mutum ɗaya zai iya haɗa su biyun. Tarin fuka yana zuwa da zazzaɓi, gumin dare, rama, wani lokaci kaki da jini, kuma yana yaɗuwa, don haka duk tarin da ya wuce mako biyu a inda cutar take da yawa sai an gwada kaki. Ciwon zuciya shi ma yana sa haki, sau da yawa tare da kumburin ƙafa da kasa kwanciya rigingine. Ƙarancin jini ma haka. Babu mai iya raba waɗannan da ido kawai.

Yaya ake yin gwajin?

Ana kiran na'urar sifirometa. Mutum zai zauna, a toshe masa hanci da 'yar maƙala, ya ja iska har huhu ya cika, ya kama bututu da leɓe, ya feso da dukan ƙarfinsa ya ci gaba har iskar ta ƙare. Za a maimaita aƙalla sau uku. Sai a ba shi maganin shaƙa mai buɗe hanya, a jira kamar minti 15, a sake. Babu allura, babu zafi, sai dai gajiya da ɗan jiri.

Idan an tabbatar da toshewa, ana duba iskar daƙiƙa ta farko a kwatanta da abin da ake sa ran mai irin shekarunsa da tsayinsa zai fitar. Kashi 80 zuwa sama mataki na farko ne, 50 zuwa 79 na biyu, 30 zuwa 49 na uku, ƙasa da 30 na huɗu. Hoton ƙirji yana taimakawa wajen kore wasu cututtuka, amma shi kaɗai ba ya tabbatar da wannan, kuma zai iya fitowa tas alhali cutar tana nan.

To kowane mai shekara 40 ya je a gwada shi?

A'a. Kwamitin da ke ba da shawara kan gwaje-gwajen rigakafi a Amurka ya duba wannan a 2008 da 2016 da 2022, kuma duk sau ukun ya ce babu amfanin gwada wanda ba shi da wata alama. Wanda ya kamata ya nema shi ne mai haki ko tari mai daɗewa ko yawan kaki ko yawan ciwon ƙirji, musamman idan ya sha taba, ya daɗe cikin hayaƙi ko ƙura, ko ya taɓa yin tarin fuka. Sai dai kafin mutum ya ce ba shi da alama, ya tambayi kansa abin da ya daina yi a 'yan shekarun nan, da dalilin dainawar.

Tana kisa?

Sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe mutum miliyan 3.23 a 2019, lokacin ita ce ta uku a jerin masu kisa a duniya bayan ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2021 adadin ya kai miliyan 3.5, kimanin kashi 5 cikin 100 na dukan mace-mace, amma ta koma ta huɗu saboda korona ta shigo gabanta. Kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta kashe kafin su kai shekara 70 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ne. Kuma masu ita da yawa ba sarƙewar numfashi ce ajalinsu ba, ciwon zuciya ne ko sankarar huhu, waɗanda suka fi yawa a cikinsu.

Ana warkewa?

Abin da ya yage a huhu ba ya komawa. Amma tsakanin rashin warkewa da rashin abin yi akwai nisa.

Daina taba shi ne kan gaba, kuma babu shekarun da za a ce lokaci ya ƙure. Wani bincike da aka fara a 1986 a Amurka da Kanada, kan masu shan taba kusan 5,900 da huhunsu ya fara toshewa, ya nuna cewa waɗanda suka daina suka kuma dage, saurin raguwar huhunsu ya koma kusan rabin na waɗanda suka ci gaba. Bayan shekara 14 da rabi, mace-mace sun fi ƙaranci a rukunin da aka taimaka wa wajen dainawa. Ga wanda hayaƙin girki ko ƙurar aiki ce matsalarsa, maganar ɗaya ce: a rage abin da ake shaƙa, ta hanyar makamashi mai tsabta, mafitar hayaƙi, da kariyar da ta dace a wurin aiki.

Magungunan shaƙa masu buɗe hanya suna rage haki da yawan tashin cutar. Akwai masu aiki nan take, akwai masu daɗewa da ake shaƙa kullum. Abin takaici shi ne mutane da yawa ba a koya musu yadda ake riƙe abin shaƙar ba, sai maganin ya tsaya a baki. Duk wanda aka rubuta wa, ya gwada a gaban ma'aikacin lafiya a gyara masa.

Abin da aka fi rainawa kuma shi ne motsa jiki. Mai haki yana tsoron motsi, rashin motsi ya raunana tsokar ƙafa, raunin tsoka ya ƙara haki. Shirin horarwa na mako 6 zuwa 8, wanda ya haɗa atisaye da koyar da dabarun numfashi, yana daga cikin abubuwan da suka fi gyara rayuwar mai cutar. Sai allurar rigakafin mura da ta nimoniya da ta korona. Iskar oksijin a gida kuwa ba ta kowa ba ce. Tana tsawaita rai ne ga waɗanda gwaji ya nuna oksijin ɗin jininsu ya yi ƙasa sosai, kuma sai an sa ta aƙalla awa 15 a rana, kamar yadda bincike biyu na 1980 da 1981 suka tabbatar.

Yaushe ne abin ya zama na gaggawa?

Idan haki ya ƙaru fiye da na kullum cikin 'yan kwanaki, kaki ya yi yawa ko ya canza launi zuwa rawaya ko kore, cutar ta tashi ke nan, a ga likita da wuri. Idan mutum ya kasa haɗa jimla saboda haki, leɓe ko farce ya yi shuɗi, ya ruɗe ko barci ya riƙa fizgarsa, ko ƙirji ya yi ciwo, asibiti za a nufa nan take. A gaya wa masu karɓarsa yana da wannan cuta, domin oksijin da ya wuce ƙima yana iya cutar da wasu masu ita, kuma yawanci ana riƙe ma'aunin oksijin ɗin jininsu ne tsakanin kashi 88 da 92. Kowane tashi mai tsanani yakan bar huhu ƙasa da inda ya same shi.

Yawanta ƙaruwa yake yi ko raguwa?

Ya danganta da abin da aka ƙirga. Idan aka cire tasirin tsufan al'umma daga lissafi, yawan mace-macenta ya ragu a duniya tun 1990, saboda raguwar shan taba da hayaƙin gida a wurare da dama da kuma ingantar magani. Amma adadin mutanen da ke ɗauke da ita ƙaruwa yake yi, don jama'a na ƙaruwa kuma masu kaiwa shekara 60 da 70 sun fi na da yawa. Wani hasashe da aka wallafa a 2023 ya ce nan da 2050 masu cutar za su kusa miliyan 600, kuma ƙaruwar za ta fi yawa a tsakanin mata da kuma ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki.